Babban Yatsan Baba Audi

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Motar ta iso. Fara ce, mai dogon baya, irin wadda za a kwantar da mutum a ciki ya miƙe ƙafa. Sharfuddeen, wanda nake karɓar motoci a hannunsa a Malanbil, can tsallaken iyaka a ƙasar Benin, ya ce wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, daga gida sai kanti. Duk motar da ya ba ni tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, ban san inda Turai ke samun tsofaffi haka ba. Amma maleji ya nuna kilomita dubu casa'in da huɗu, ni kuwa dillali ne, abin da ido ya gani nake sayarwa.

Matan Tungar Hassan ne za su saya, masu bandar kifin nan na bakin gulbi. Shekara biyu suna haɗa hannu don su sami motar da za ta riƙa kawo mai naƙuda asibiti nan Bagudo, tun da suka rasa wata a kan babur. Shugabarsu Inna Fatimata ta ce da ni, Albashir, mu ba mu san mota ba, yatsan Audi muka sani.

Gaskiyarta. Sharfuddeen dariya yake yi in na gaya masa yadda muke yi a nan. Duk motar da ta tsallako daga Benin sai an kai ta garejin Baba Audi. Zai shiga ƙarƙashinta, ya saurari inji, ya shafa nan ya shinshina can. In ya yarda da ita sai ya tsoma babban yatsansa a gwangwanin baƙin mai ya danna a cikin murfin bonet. Shi ke nan takarda. Shekara kusan arba'in ba a taɓa jin motar da ya sa wa yatsa ta kunyata mai ita ba. Daga Kamba da Dole Kaina ma kawo masa ake yi. Aminin mahaifina ne, shi ya riƙe ni ranar da aka yi mini kaciya, kuma har yau Bashiru yake ce mini kamar ban yi gemu ba.

Gobe da safe zan kai masa.

Talata, 6 ga Mayu, azahar

Kai, tsohon nan! In ka tsaya kana kallon aikinsa sai ka manta da yunwa. Bai ko kalli maleji ba. Ya cire takalmi ya shiga ya zauna a kujerar direba, ya yi shiru yana jin yadda ta lotsa. Ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe yana murza bakinsa da yatsu. Ya sa ƙafa a birki, sai ya sunkuya ya ɓamɓare robar da ke kai. Robar sabuwa fil, amma ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya suɗe yana ƙyalli kamar gindin tsohon cokali. Ya nuna mini. Na ce ai Turawa akwai tsabta. Ya ce awo, akwai.

Ya tada inji ya kara dogon sukundireba a kunnensa, ya daɗe. Daga nan ya goge hannu da tsumma, ya wuce gwangwanin man ko kallonsa bai yi ba.

Na ce Baba, yatsa fa?

“Bar min ita kwana biyar, Bashiru. Akwai murhin da nika son buɗewa.”

An yi masa rasuwa a Kamba, ƙanwar matarsa, yau zai tafi, sai ƙarshen mako. Ya ce in ya dawo ya ƙarasa. Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce mata na jira, damina ta kusa. Ya ce damina ba ta taɓa fasa zuwa don an duba mota ba. Ya miƙo mini makullin gareji ya ce in shigar da ita inuwa.

Laraba, 7 ga Mayu, hantsi

Na kira Sharfuddeen na tambaye shi ko an taɓa malejin nan. Ya rantse har ya ba ni tsoro. Ya ce in ba na so, akwai wani daga Gaya da ke binsa a kanta, in mayar yau. Inna Fatimata ita ma ta kira sau uku. Mata uku ne a tungar cikinsu ya tsufa, ɗaya jikarta ce, Shafa'atu, kuma haihuwar fari.

Roba ce kawai fa. Kowa na canza roba.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan azahar

Sun zo da direbansu Namadi sun tafi da ita. Kafin su tafi Inna ta sa aka ɗaga bonet, ta leƙa, ta ga abin da take son gani, ta ce alhamdu lillahi, Allah ya ƙara wa Audi lafiya. Matan suka yi guɗa. Ta kawo mini kwali guda na bandar kifi.

Na rufe gareji. Na rufe gwangwanin ma, a buɗe na same shi.

Juma'a, 9 ga Mayu, safe

Matata Munira ta tambaye ni yaushe na zama makanike, ta ga baƙi a farcen babban yatsana. Na ce taya na canza.

Asabar, 10 ga Mayu, yamma

Ta yi miya da kifin. Na ce cikina ba daɗi.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Baba ya dawo. Na je na yi masa ta'aziyya na ba shi makulli. Ya leƙa inuwa ya ga wayam. Na ce masu ita sun matsa, sun ɗauka haka nan. Ban yi ƙarya ba ai, sun matsa, kuma sun ɗauka.

Ya zauna a kan tsohuwar taya ya ce shi tun ranar Talata ya san an mayar da malejin baya, abin da bai sani ba shi ne da nawa. Ya ce masu gyara na wajen Kwatano suna da ɗabi'a, in sun canza bel ɗin inji sai su rubuta kilomitar ranar da farin fenti a cikin murfin bel ɗin. Masu murɗa maleji suna canza roba, su wanke inji, su sa turare, amma ba sa tunawa da cikin murfin nan, don sai an kwance ƙusa shida. Shi yake son buɗewa. Ya ce in bel ɗin ya wuce lokacinsa, ba ya yin sallama, tsinkewa yake yi kawai a tsakiyar hanya.

Wa ya koya wa mutumin nan duk wannan? Bai taɓa zama a aji ba. Faransanci bai iya ba, amma lamba ko a duhu ya shafa ta zai gane.

Ya ce in je tungar gobe in ce su kawo ta, ba zai karɓi komai ba. Na ce to, Baba.

Talata, 13 ga Mayu, hantsi

Ban je ba. Jiya rana ta yi yawa.

Laraba, 14 ga Mayu, azahar

In na ce su kawo, zai ɗaga bonet.

Alhamis, 15 ga Mayu, yamma

An yi ruwan farko na damina. Na hangi Baba daga nesa a bakin masallaci, na bi ta bayan masu nama. Na sa omo, na sa kalanzir, na sa lemun tsami. Munira ta ce babu komai a yatsan nan, in ƙyale shi kafin in fige fatar.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan la'asar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba wanda ya mutu. Bari in fara rubuta wannan. Ba wanda ya mutu.

Motar ta tsaya da Shafa'atu a ciki, tsakar rana, a hanyar da ta fito daga Lolo, inda babu gida babu inuwa. Namadi ya ce ƙara ɗaya ya ji, inji ya ɗauke. Sun fi awa guda a wurin tana naƙuda, Inna ta yi mata labule da zani. Wani mai motar shinkafa ya tsaya ya kwashe su a kan buhuna. Ta haihu a ƙofar asibiti, namiji. Ta zubar da jini da yawa, an ƙara mata. Sun ce za ta tashi.

An jawo motar da igiya zuwa garejin Baba.

Asabar, 17 ga Mayu, azahar

Ban yi niyyar zuwa ba, ƙafata ce ta kai ni. Gareji cike, mutanen tunga, direbobin tasha, da dillalai 'yan uwana waɗanda in an ce ga abin kunya ko suna kan tabarmar cin abinci sai sun taso.

Baba ya kwance ƙusa shida ya ciro murfin. Ga bel a tsinke, ga rubutu da farin fenti: dubu ɗari biyu da tamanin da bakwai, da kwanan wata na shekara biyu da suka wuce. Ya ɗaga kowa ya gani. Aka ɗauki salati. Wani ya ce dillali ne, wani ya ce na Malanbil ne. Ina shirin buɗe baki in zuba wa Sharfuddeen duk abin da ke duniya, sai Inna Fatimata ta ratso mutane. Ba ta ko kalle ni ba. Ta nuna cikin murfin bonet da sandarta.

“Audi, mu ba dillali munka bi ba. Wanga munka bi.”

Sai a lokacin ya ɗaga kai ya gani.

Allah ya sani, ban taɓa ganin minti mai tsawon wannan ba. Ya matsa kusa ya duba. Duk wanda ya taɓa kai masa mota da idon basira ya san babban yatsan Baba yana da tsaga, fankar inji ta yanke shi tun yana saurayi, shi ya sa tambarinsa ke fita da farin layi a tsakiya. Wannan babu layi. Sumul yake, yatsan mutumin da bai taɓa riƙe sifana ba. Mutane ba su lura ba, baƙin mai kawai suke gani. Shi ya gani. Kuma ya san wanda ya bar wa makulli.

Na jira ya juyo. Bai juyo ba.

Ya ce wa Inna, motar nan a garejinsa ta kwana, man nan na gwangwaninsa ne, don haka abin da ya same su a wuyansa yake. Ya ce ta yi haƙuri, ta ba shi kwana tara, zai mayar mata da mota wadda za ta iya sa jikarta a ciki. Inna ta ce Allah ya isa tsakaninta da tsufan da ke sa mutum ya daina gani. A gaban kowa ta faɗa. Ya sunkuyar da kai ya karɓa.

Na yi ta juya maganarsa a hanya. Ko harafi ɗaya bai yi ƙarya ba. Bai ce yatsansa ne ba, bai ce ba nasa ba ne. Ni da nake taƙama da iya magana, ban taɓa sanin ana iya rufa wa mutum asiri da gaskiya zalla ba.

Litinin, 19 ga Mayu, hantsi

Na zauna wajen mai shayi da ke kallon gareji. Tun safe mota ɗaya ba ta shiga ba. Wasu biyu da aka kawo daga Kamba, masu su sun zo sun janye abinsu. Direbobi sun fara ba'a, in ɗaya ya zubar da miya a riga sai a ce Audi ya sa maka yatsa. Aka yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora, Allah ya yafe mini.

Shi kuwa Baba yana can ƙafafunsa kawai ake gani a ƙarƙashin farar mota.

Laraba, 21 ga Mayu, yamma

Baba da kansa ya tsallaka Malanbil neman kayan inji, mutum mai ciwon gwiwa. An ce ya biya ta wurin Sharfuddeen ya ajiye masa murfin nan mai farin rubutu a kan tebur, ya bar shi ya karanta, ya ɗauki abinsa ya fito. Sharfuddeen ya kira ni yana haki wai me tsohon nan yake nufi. Na zazzage shi tas, na kira shi macuci, ɓarawon kilomita. Ya bari na gama ya ce, to shi maleji ya murɗa, ni me na murɗa da har aka sayi motar?

Na kashe wayar.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Yau sunan ɗan Shafa'atu. Da can an ce Audi za a sa masa. An sa Mutawakkil.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan la'asar

Munira ba ta da hayaniya, shi ya sa nata ya fi zafi. Tana tsince shinkafa ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin taya mai baƙin mai ba. Ta ce mutumin da ya ɗauki gawar babana a kafaɗarsa ake yi wa dariya a tasha, ni kuma ina cin abinci. Na ce ai ba na ci. Ta ce wannan ba zai ƙare shi da komai ba.

Na tafi gareji. Na same shi yana wanke ƙusoshi a fetur, ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan kwali yadda ya ciro su. Na durƙusa na ce Baba, ni ne.

Ya ce ya sani, in miƙo masa sifana goma sha biyu.

Na ce me ya sa bai faɗa ba? Ya ce ba a tambaye shi ba. Ya ce ranar nan mutanen tunga da zafi suka zo, da ya nuna ni, da ba a san yadda za a ƙare ba, shi kuwa ba mai ɗaga wa farin gemu hannu. Na ce amma sunanka fa, Baba, shekara arba'in. Hannunsa ya tsaya a cikin fetur. Wallahi na ga abin ya taɓa shi, idonsa ya yi ja. Ya ce awo, yana ciwo, ba zai ce mini ba ya ciwo ba.

Na ce me zan yi? Ya ce shi makanike ne, mota yake gyarawa. Ranar Litinin za su zo ɗauka.

Ina ƙaunar tsohon nan, kuma yau na ji haushinsa kamar in yi kuka. Da ya mare ni da na samu sauƙi.

Lahadi, 25 ga Mayu, safe

Zan iya tafiya Kamba gobe. Akwai wanda ke son in duba masa mota.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Ban je Kamba ba.

Mutane sun taru kusan kamar wancan karon. Baba ya tada motar, inji na tafiya lumui ko ƙara babu. Inna Fatimata ta tsaya nesa, ta ce ita ba ta da sauran abin da za ta duba, tunda yatsa ya tashi daga aiki.

Ban shirya magana ba, kuma da na shirya da na gyara ta har ta zama ƙarya, na san halina. Na je na ɗauki gwangwanin, na tsoma yatsana, na danna a kan kwalin ƙusoshi, na kai kusa da wanda ke cikin bonet na riƙe. Na ce Inna, zo ki duba. Ta zo. Na ce ta kalli hannun Baba. Ya ƙi miƙawa, Namadi ne ya kamo hannun ya juya shi, kowa ya ga tsagar. Na ce Baba ya ƙi sa wa motar nan yatsa, ya ce a jira shi, ni na sa nawa yana Kamba wajen makoki. Na ce ya aike ni in kira su kwana biyar kafin ta tsaya, ban je ba.

Wani daga baya ya zage ni, ya haɗa da wanda ya haife ni. Baba ya ɗaga kai sau ɗaya, mai zagin ya yi shiru.

Inna ba ta zage ni ba. Ta ce, “Ka ci kihin?” Na ce ban iya ci ba. Ta ce Shafa'atu har yau ba ta iya tsayuwa ta yi sallah. Ta ce kada in sake taka tungarsu, ko gaisuwar mutuwa. Sannan ta juya wurin Baba, tsohuwa da ita, ta durƙusa har ƙasa a cikin baƙin mai, ta ce ya yafe mata Allah ya isan da ta yi masa. Ya ce ta tashi zaninta zai ɓaci, ai tana da gaskiya, gwangwaninsa ne.

Ya ɗauko farin fenti ya rubuta a cikin bonet, manya-manya, kilomitar da ya ƙiyasta ta gaskiya da ranar da ya sa sabon bel. Ya gaya wa Namadi ya manta da abin da maleji ke faɗa, ya riƙa kawo ta duk wata uku. Daga nan ya tsoma yatsansa ya danna, dab da nawa. Farin layin ya fito raɗau.

Na ɗauki tsumma da fetur zan goge nawa. Ya riƙe mini hannu. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba.

“Bar shi nan, Bashiru. Na ɗauke maka kwana tara. Sauran kai za ka ɗauka.”

Alhamis, 29 ga Mayu, hantsi

Motoci huɗu a gareji yau, har da biyun nan na Kamba. Na wuce na gaishe shi, ya amsa daga ƙarƙashin mota, ya tambayi Munira.

Ni kuwa wayata ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba tun Litinin.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan azahar

Na ga farar motar a tasha. Jiya ta kawo mace ta biyu asibiti, lafiya lau, an sami 'ya mace. Direbobi sun kewaye Namadi sun sa shi ya ɗaga bonet, ashe duk inda ya tsaya sai an sa shi. Bai san ina bayansa ba. Yana nunawa da makulli yana cewa, wannan mai layin na Baba Audi ne, wannan sumul ɗin na Albashir ne.

Wani baƙo ya tambaya wane ne Albashir.

Na ce ni ne.